Kaji Ɗari Biyu, Dangi Ɗari Uku

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina ganin tsakiyar wata, sai kowane ma'aikaci ya tuna kakansa manomi ne. Ba dai noman fartanya ba, wannan akwai rana da ciwon baya. Kiwon kaji za a yi, a gareji, tunda motar ma an sayar.

Sabon manomi da suna yake farawa. Sai an samo na Turanci mai tsawo, sunan 'yar auta a gaba, "Global" a tsakiya. A buga kati, a zana tambari, a ɗora a WhatsApp, abokan ofis su fara kiransa Ciyaman. Duk wannan ko gashin kaza bai shigo gidan ba.

Sai lissafi, a bayan ambulan ɗin ofis. Katan huɗu, kowanne 'yan tsaki 50, an sami 200 ke nan. Sati shida ko bakwai su isa yanka, a ninka da farashin kasuwa. Abin da ya fito ya isa a fara tunanin Umra, wani ma har ya soma gaisawa da bazawarar layin baya. Lissafin dokin Rano! A cikinsa babu kazar da ke mutuwa, babu kuma wadda ke cin abinci. Alhali abincin ne ke lashe kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma da masara da waken soya ake haɗa shi. Farashi na motsawa a kasuwar Dawanau, buhu mai kilo 25 zai motsa a shagon unguwa. Kaza kuwa ba ruwanta da ba a yi albashi ba.

'Yan tsaki su iso daga Ibadan a galabaice, sun kwana a mota. Makonnin farko ɗumi suke so, ga shi babu wuta, sai Ciyaman ya koma kwana a gareji yana fifita gawayi, gatan da 'ya'yan cikinsa ba su taɓa samu ba ko da sanyin hunturu. Uwargida na kallo, ta adana maganar sai ranar da za ta yi amfani. In cutar Gumboro ta leƙo ba a kiran likitan dabbobi, wai tsada. Maƙwabci ake tambaya, ya ce a jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono, a fasa musu kafso a ruwa.

To, a ce Allah ya kiyaye, 170 sun rayu, sun yi ɓul-ɓul. A nan annobar gaske take sauka, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, duk da shekarun da ta kwashe tana haɗa rigakafi, ba ta samo mata allura ba. Murar tsuntsayen da ta ɓulla a Jaji a 2006 ko ba komai gwamnati ta biya diyya. Wannan kuwa da sallama take shigowa, har a shimfiɗa mata tabarma.

Gwaggo ce ke buɗe fage. "Ɗan nan, na ji an ce ka fara kiwo, na ce bari in zo in sa albarka." Albarkar Gwaggo kaji biyu take ci. Kawu ya aiko yaro da buhu, surukai sun zo ba zato. Ƙanwar uwargida ta haihu, ai mai gona ba ya zuwa barka hannu rabbana. Ga liman, ga mai unguwa, ga ogan da ya sa hannu a takardar bashin jari. Ga kuma aminin da ya ce, "Rubuta kawai, mutumina, ƙarshen wata," bai dai faɗi na wace shekara ba. Ranar da ka tuna masa, kafin la'asar labari ya zagaye dangi cewa abin duniya ya rufe maka ido, a kan kaza kake neman ɓata zumunci. Shi ɗin nan kuwa jiya ya sayi kaza a kasuwar Sabon Gari, ya biya lakadan har da kuɗin figa. Kuɗi na bare ne, ɗan uwa da "Allah ya ƙara buɗi" ake sallamarsa.

Ragowar 80 an ajiye su don Sallah. Sai dai duk layin niyyarsu ke nan, domin tun ranar da aka ga katan a ƙofar Ciyaman gida biyar suka share gareji. Dillali ya zo ya ɗaga kaza, ya taɓe baki, ya taya rabin kuɗi, ya juya kamar zai tafi. Ya san kazar da ta wuce sati takwas kowace safiya ribar kanta take cinyewa. Tun bai kai ƙofa ba aka ce an sallama.

Abu ɗaya ne ya kawo kuɗi hannu da hannu: kashin kajin. Masu lambu sun saye shi buhu-buhu a matsayin taki, kuma babu ɗan uwan da ya zo sa masa albarka. Yanzu an ce Ciyaman ya fara gina tafki zai koma kiwon tarwaɗa. Gwaggo ta riga ta aiko cewa likita ya hana ta cin nama, sai kifi.