Batirin Mai Neman Zinare

Tun da aka gano zinare a Jado a 2014, samarin da ke ƙetare Illela zuwa Birnin Ƙonni, su wuce Tawa da Agadas, suka ƙware a sanin na'urar gano ƙarfe. Batiri ne dai har yau yake ba su kunya.

A kasuwar Illela mai kaya zai miƙo maka ɗan siririn AA mai caji, an rubuta masa 4800mAh, ya ce, "Alhaji, wannan sai ka gaji." Alhali na gaskiya da ƙyar yake wuce 2800. Ka auna shi a tafin hannu: in ya yi sakayau kamar karan dawa, lambar ce kawai aka cika masa.

Mai caji volt 1.2 yake bayarwa, na yarwa 1.5, shi ya sa wata na'urar take kukan yunwa alhali yanzu ta ƙoshi. Zafin hamada kuma yana tsotse cajin ko ba a aiki.

Sayi saiti biyu da faifan sola. Duk wannan shiri, abin da na'urar ta fi tonowa gwangwanin sardin ne.