Masu Rakiyar Yara Gona

Da kaka ta kankama, makarantar su 'yata ta aiko da takarda: za a kai 'yan aji huɗu gona su ga girbi, ana neman iyaye su taya malamai rakiya. Na ba da sunana ina murnar samun hutun rabin yini. Kafin motar ta gama haye gadar Wudil na gane cewa mu iyayen ne muka fi bukatar mai rakiya.

Akwai Hajiya mai kwando. Kula biyu, lema, man zafi, ruwan leda ƙunshi guda, kamar mai shirin tafiya Maiduguri. "Abba, kar ka taka ciyawa! Abba, tururuwa!" Ɗanta ne kaɗai ya koma gida babu ƙarangiya a safarsa, don ta tagar mota ya ga gonar.

Akwai mai hoto, wadda ta jera yara sau shida a gaban rumbu, har aka tashi ba ta tambayi abin da ke cikinsa ba.

Gwarzon tafiyar dai shi ne Alhaji Ni-ma-manomi-ne. Farar shadda ya sako mai sitaci, da takalmi sau-ciki yana ƙyalli. Mai gona bai kai ƙarshen sallama ba Alhaji ya karɓe bayani. Ya kamo zangarniya ɗaya ya ce, "Yara, wannan ita ce maiwa." Dattijon ya ce a hankali, "Alhaji, ƙaura ce." Ko gezau: "To, mu a garinmu haka muke ce mata." Da hantsi ya ce yana saurayi dami arba'in yake ɗaurewa shi kaɗai, zuwa azahar daman sun kai ɗari. Ya ba da labarin dalar gyaɗa ta Kano kamar shi ya ɗora buhun ƙarshe a ƙololuwa, alhali a shekarun 1970 da dalar ta ɓace, ina zaton ko rarrafe bai fara ba. Daga nan ya naɗe hannun riga zai nuna yadda ake saɓa damin gero. Ya saɓa kuwa, yara suka yi tafi. Sai ƙaiƙayi ya zube masa ta wuyan riga. Tun daga nan har cikin gari susa yake, yana faɗin geron zamani ne, na da ba ya haka. Allah Ya bar mana shi, don ba domin shi ba da hamma za mu yi ta yi.

Mai ciniki kuwa bai san an zo da yara ba. Nawa buhun wake, ai a Dawanau bai kai haka ba, wannan bijimin fa, ran Juma'a za a kai shi kara?

Wanda ya ɓata mini rai daban yake. Hannunsa cike da dafaffiyar gyaɗar da mai gona ya ba mu kyauta, ya tara yara, ya nuna dattijon da leɓe: "Ku dage da karatu ku shiga Jami'ar Dangote ko Kwalejin 'Yan Sanda, in ba haka ba ga makomarku nan." A gaban mutumin, kuma da ƙarfi. Dattijon bai tanka ba, ya ci gaba da ɓare wa wata yarinya takanɗa. Da mai wa'azin ya taɓa leƙa jami'ar da yake kuri da ita, da ya tarar da tsangayar koyon aikin gona a ciki. Gyaɗar dai bai ajiye ba, har aljihu ya cika.

Ni kuwa yara takwas aka damƙa mini, aka ce in riƙa ƙirga su. Na samu inuwar tsamiya, na zauna daidai inda zan iya hango kowa, iskar kaka tana kaɗawa. Muryar malama ce ta tashe ni: "Baban Hafsa, naka sun cika?" Na ƙirga bakwai. Na sake ƙirgawa har da yatsa, bakwai dai. Ta takwas ɗin Hafsa ce, 'yata, aka same ta wajen mata masu shiƙa, kanta fari fat da ƙaiƙayi, tana riƙe da faifai.

Da muka sauka a ƙofar makaranta malama ta yi mini godiya sosai, ta ce baɗi ba sai na wahalar da kaina ba, Maman Hafsa ma ta wadatar.