Kek Mai Hoton Maigida

A Karaye, in ka tambayi magidanci shekarunsa, sai ya ce ai yana goye aka gama madatsar Challawa a 1992. Yau ga shi yana odar kek daga Kano, hotonsa a kai da hular zanna, gefe tambarin Arsenal, ƙasa an rubuta "Oga Kwata-kwata" da sukari. Ranar haihuwar ma 1 ga Janairu ce, yadda mai cike takardar ya ga dama, shi ya sa rabin majalisa rana guda suke biki.

Na Rogo sun fi shan wuya. Kafin mota ta iso, gargada ta kai hancin Alhaji kusa da kunne. Abokai ba ruwansu, kowa gemun yake so a yanka masa.