Masu Nazarin Ma'aikata a College Park

Jami'ar Maryland da ke College Park, a gefen birnin Washington, ta fara ne a 1856 a matsayin makarantar koyon noma. Yau a sashenta na ilimin halayyar ɗan Adam akwai masu nazarin ma'aikata: yadda ake ɗaukar mutum aiki, yadda ake horar da shi, da abin da ke sa ya tsani shugabansa. A nan Farfesa Benjamin Schneider ya daɗe yana koyarwa, shi ne kuma ya bayyana a 1987 cewa kowace ma'aikata tana jawo irin nata, ta zaɓe su, wanda bai dace ba ya tattara nasa-ya-nasa. Duk wanda ya zauna da masu neman digirin digirgir a wannan fanni zai so ya san wane laifi fannin ya yi da har ya jawo waɗannan bayin Allah.

Tun kafin a rufe karɓar takardu a farkon Disamba Mai Wasiƙa Ɗaya yake bayyana. Ya ji cewa ɗalibi ba ya shiga sai wani farfesa ya yarda ya ɗauke shi, don haka sai ya rubuta wasiƙa guda ya aika wa kowa, yana rantsuwa cewa binciken kowannensu ne ya canza masa rayuwa. Wani lokaci ma yakan manta bai sauya sunan da ke sama ba. Har yanzu yana roƙon Farfesa Michele Gelfand ta karɓe shi a College Park, alhali tun 2021 ta koma Stanford.

Bayansa akwai Likita. Takardarsa ta bayyana manufa da "tun ina yaro" take farawa, burinsa ya share wa masu damuwa hawaye, a gida kuma gwaggonninsa sun gama shelar cewa ɗansu ya tafi koyon maganin taɓin hankali. Makon farko aka zaunar da shi gaban kwamfuta, aka buɗe masa manhajar R, aka ce ya lissafa ko jarrabawar ɗaukar aiki tana hasashen ƙwazon ma'aikaci. Hawayen da ya fara sharewa nasa ne.

Mai Duba Imel ba ya bukatar dogon bayani. Daga Janairu zuwa 15 ga Afrilu, ranar da jami'o'in Amurka suka amince ɗalibi ya yanke shawara kan tallafin da aka yi masa tayi, ko sallama aka yi masa sai ya leƙa waya kafin ya amsa.

Amma gwanin gwanaye shi ne Sarkin Lissafi. Kujerarsa a taron ƙara wa juna sani ita ce ta kusa da ƙofa, hannunsa kuma yana sama kafin mai magana ya gama gabatar da kansa. Tambayarsa ɗaya ce: "Mutum nawa aka tambaya?" In an ce ɗari biyu, sai ya yi murmushin tausayi. In an ce dubu biyu, sai ya tambayi yadda aka zaɓo su. An taɓa karanta aikin GLOBE a aji, binciken shugabanci da ya shafi al'ummomi 62, har da Najeriya, da manajoji kusan 17,000, wanda Paul Hanges na wannan jami'a yana cikin manyan da suka haɗa shi. Sarkin Lissafi ya gyara tabarau ya ce aikin ba laifi, a matsayin somin-taɓi. Ba a aji kaɗai yake wannan ba. Ka ce masa wani shagon abinci a kan Baltimore Avenue ya iya shinkafa, zai tambaye ka sau nawa ka ci, da yunwa ko a ƙoshe, kuma da wane shago ka gwada. Ka ce shayi yana hana ka barci, zai tuna maka cewa don abu biyu sun zo tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Wata ɗaliba ta sanar da bikinta, ya taya ta murna, sannan ya nuna damuwa cewa ta yanke hukunci a kan mutum ɗaya tak. Nasa kundin kuwa shekara ta biyar ke nan yana gyara tsarin binciken, bai yi wa ko mutum ɗaya tambaya ba. Kuma a daren jajibirin babbar jarrabawar da ake yi bayan kammala darussa, an gan shi a gaban ɗakin karatu na McKeldin yana shafa hancin Testudo, gunkin kunkurun da ɗalibai ke shafawa don neman sa'a. Da aka tare shi, sai ya ce yana gwada al'adar ce a kimiyyance. Duk da haka ana ƙaunarsa, domin in lissafinka ya rikice da ƙarfe biyun dare, shi kaɗai zai ɗaga waya.

Akwai Ɗan Taro, wanda ya buga katin sunansa tun a shekarar farko, yana jiran babban taron SIOP, ƙungiyar masu wannan fanni, da galibi ake yi a Afrilu. Akwai kuma Mai Bin Lacca, wanda ba ya fashin ko ɗaya muddin an ce akwai abinci kyauta. Marubucin wannan shafi ba shi da abin faɗa a kansa, sai dai yana iya shaida cewa fizar da babu naman alade a kanta ita ke fara ƙarewa, don haka a zo da wuri.

Wanda ba ya ba da dariya shi ne Cima-Zaune. Ya fi kowa sanin gwajin Ringelmann, injiniyan noma na Faransa da ya wallafa a 1913 cewa yawan masu jan igiya yana rage ƙarfin da kowannensu ke sawa. Ya san Bibb Latané da abokan aikinsa sun sake nuna haka a 1979 da tafi da ihu. Zai iya yin awa guda yana bayani a kai, sannan a raba aikin rukuni ya ɓace kamar an aiki bawa garinsu. Ba ya zaɓen abokin aiki da ka. Baƙon ɗalibi yake nema, mai bizar karatu, wanda aka ƙayyade wa aikin awa 20 a mako, wanda kuma yake tsoron duk wata hayaniya da za ta taɓa tallafinsa. Shi zai tattara bayanai, ya tace su, ya yi makin jarrabawar 'yan digirin farko, sannan ranar miƙa takarda Cima-Zaune ya dawo da fara'arsa yana tambayar ko sunansa ne zai zo na farko, tunda "tunanin" nasa ne. Wannan ba raha ba ce, cin gumin wani ne, kuma a fannin da sunan farko a kan takarda ke iya sama wa mutum aiki, asarar ba ƙarama ba ce.

Don haka ɗan Kano ko Zariya da ke shirin cike takardun bana, kafin ka fara kowane aiki da wani, ku rubuta wanda zai yi me da yadda sunaye za su jeru, ka tura wa farfesanku kwafi ta imel.