Birki Na Kuka, Mun Ƙaro Rediyo

Akwai wata fasahar gyaran mota da Toyota da Peugeot ba su gano ba har yau, mu muka gano ta: da zarar birki ya fara ƙiiii, sai a ƙaro sautin rediyo. Nan take ƙara ta ɓace. An gyara ke nan.

Alhali kukan nan ba na banza ba ne. Da gangan masu ƙera mota suka maƙala wani ɗan ƙarfe a jikin fad ɗin birki, domin idan ya cinye, ƙarfen ya riƙa gogar faifai yana tsuwa, wato "Alhaji, a duba ni." Alhaji kuwa yana da uzuri. Wannan watan an yi wa kujeru sabuwar riga, an sa baƙin gilashi, an ɗaura oda mai kukan tirela. Fad sai albashi ya shigo. Kafin ya shigo, tsuwa ta zama gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe, faifan ma ya tafi, kuɗin gyara ya ninka. Sai a dawo majalisa ana cewa makanikai ba sa tsoron Allah.

Fitilar ABS kuwa in ta kunnu, ɗan baƙin salatif ya ishe ta. Abin da ido bai gani ba, ai bai lalace ba.

Amma gwanayen fannin su ne wasu direbobin haya. Birki ya yi laushi, ana takawa yana tafiya har ƙasa, alamar ko iska ta shiga bututu, ko mai na yoyo, ko robobin masta sun mutu. Ka yi magana, a ce maka, "Haba Malam, sau uku ake famfa ta sannan ta kama, ni na san halinta." To, akuyar da za ta tsallaka titi ita ma ta san halin nata? Man birki ya ƙare, sai a kaɗa ruwan omo a ɗura. Man DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, ruwa kuwa a 100 ya gama. Ga gangaren Hawan Kibo, ga giya an sa a firi don tsimin fetur, birki kaɗai aka bar wa nauyin mota da fasinja da buhunan dankali. Ruwa ya tafasa ya zama tururi, ƙafa ta nutse, salati ya tashi.

In an daure an je gareji ma, ciniki ne. Makanike ya ce a canza fad na ƙafa biyu, mai mota ya ce ɗaya dai, ɗayan "zai yi maneji." Daga nan duk taka birki mota ta karkata gefe guda, a ce aikin maƙiya ne. In an je sayen fad a kasuwar Ƙofar Ruwa kuwa tambayar farko ita ce, "Babu mai araha?" Mutumin da ba ya neman ragi a wurin mai shadda!

Don Allah gobe da safe, kafin a ɗebi yara zuwa makaranta, a kashe rediyon nan, a buɗe bonet a duba man birki, a taka a saurara.