Wanga Abu Tashi Shikai?

A Amurka da Ingila akwai wasu magidanta, masu iyali da aikin yi, waɗanda suke kashe shekaru suna ƙera kayan da suka gani a fim. Mutum zai kalli Back to the Future na 1985, ya ga motar nan DeLorean mai ƙofofi masu buɗewa sama, wadda ake cewa tana kai mutum jiya ko gobe, sai ya sayo irinta, ya zauna yana liƙa mata wayoyi da fitilu ɗaya bayan ɗaya har ta zama sak. Ya san ba za ta kai shi ko'ina cikin zamani ba. Burinsa kawai kowane noti ya zauna inda na fim ya zauna. Suna ma da ƙungiyoyi: masu kayan sojojin Star Wars sun kafa tasu, 501st Legion, tun 1997, kuma sai an duba kayanka an tabbatar ba su kauce ba kafin a karɓe ka.

Abin dariyar shi ne, kayan asalin ma daga bola aka tsinto su. Takobin hasken da ya yi suna a Star Wars na 1977, mariƙinsa hannun fitilar tsohuwar kyamara ce mai suna Graflex. Cikin jirgin sararin samaniyar fim ɗin kuwa, da tarkacen matattun jiragen sama aka ƙawata shi. Yanzu masu kwaikwayo na zuba kuɗi suna farautar wannan tsohon ƙarfe, sannan su sayi fenti na musamman domin sabon abu ya yi kama da mai tsatsa. Tsatsa fa! Abin da damina ɗaya za ta ba ka kyauta a bayan kowane gareji.

To, a ce wani yaro a Goronyo ya kalli Star Wars ɗin a wayar yayansa, ya tara langa-langa da tsohon injin ban-ruwa, ya ƙera jirgin sararin samaniya cikakken girma a ƙofar gidansu. Ranar farko dattawan majalisa za su zagaya shi sau uku, hannu a baya.

"Kai yaro, wanga abu tashi shikai?"

"A'a Baba, kwaikwayo ne."

"To buhun albasa nawa shika ɗauka?"

Idan amsar ita ce ko ɗaya, an gama shari'a. Mutumin da ke noman rani a gindin madatsar ruwan Goronyo yana da gaskiyarsa: injin da bai jawo ruwa ba, bai kai kaya kasuwa ba, asara ce da aka shafa wa fenti. Cikin gida kuma inna ta riga ta aika a karɓo rubutu da turaren aljanu, domin yaro mai lafiya ba ya kwana yana auna fukafukin abin da ba zai tashi ba. Nan da mako guda labari ya isa Wurno cewa jirgin ya tashi da dare. Kafin ya kai Rabah, an samu wanda ya rantse ya gan shi yana shawagi a kan gulbin Rima. Shawarata ga yaron dai ɗaya ce: ya tsaya a jirgi. A gabashin Sakkwato na yau, kada ya kuskura ya kwaikwayi bindigar fim, don ba wanda zai tsaya ya ji bayani.

Sai kuma rundunar Facebook. Wani zai ɗauki hoto ya rubuta "A yaɗa har ya kai ga gwamnati", dubban mutane su zuba Masha Allah, su zagi shugabanni, su ce da a Chaina ne da tuni an ba shi masana'anta. Cikin dubban nan ba wanda zai aiko da kuɗin sandar walda guda. Mun saba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, nasa ma har ya ɗaga daga ƙasa ƙafa bakwai. Jaridun duniya sun ɗauka, mu kuma muka yi ta tafi, daga nan muka koma hirar siyasa.

Ɗan siyasa kan zo ne idan zaɓe ya matso. Zai shiga ciki da babbar riga, hula ta maƙale a ƙofa, a ɗauki hoto yana riƙe da sitiyari, ya yi alkawarin tura yaro ƙasar waje, ya bar lambar wani yaronsa wadda kullum a kashe take. Abin da zai rage shi ne fostarsa, an manna ta daidai kan tagar da yaron ya yi wata biyu yana gogewa.

Bayan nan jirgi ya zama na unguwa. Awaki su sami inuwa, mata su shanya kuɓewa a fukafuki, almajirai su riƙa tuƙa shi zuwa Makka. Mutum ɗaya ne kawai zai dube shi da idon ƙwararre, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya tambayi ko ƙarfen ciki jan ƙarfe ne: ɗan jari-bola, wanda ya zo da sikelinsa, kuma kilo-kilo yake saye.