Attajiran da Ke Sammakon Kama Kujera a Tsakiyar Teku

A watan Janairun 2024 wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miyami na Amurka. Tsawonsa mita 365 ne, hawa 20, idan ya cika maƙil yana kwasar mutum 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,300. Kada ka wahalar da bakinka wajen tambayar ina za shi. Babu inda za shi. Kwana bakwai yake yi yana zagaya tsibiran Karebiyan, ya dawo ya sauke kowa a inda ya ɗauke shi, da jakarsa da ƙarin teɓa.

Teku fasinjojin suka biya kuɗi su gani, amma an shirya komai yadda ba sai sun kalle shi ba. Wuraren iyo bakwai aka gina a cikin jirgin, mutum yana tsakiyar ruwan da Allah ya shimfiɗa, yana cunkoso a wanda injiniya ya auna. Akwai filin sulu a kan ƙanƙara, akwai lambu mai itatuwan gaske. Ɗakuna masu sauƙin kuɗi ba su da taga, don haka a wasu jiragen kamfanin an manna dogon allo a bango yana nuno tekun kai tsaye. Ka baro talabijin a gida, ka biya dalolinka, ka zo ka kalli ruwa a talabijin.

Amma ainihin wasan yana ɗakin cin abinci, inda kowa ke ɗiba da hannunsa ba mai ce masa ya isa. Dubi wancan dattijon mai gajeren wando, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. A faranti ɗaya ya haɗa soyayyen ƙwai, cinyar kaza, taliya da kankana, ya ɗora yankan kek a sama yana tangaɗi. Ya ci loma biyar ya ture, ya koma layi, domin an fito da jatan lande. Ba yunwa yake ji ba, ɗazu ya karya. Aƙidarsa ɗaya ce: ai na riga na biya. A bakin ƙofa kuwa ga ma'aikaci tsaye yana murmushi yana roƙon masu furfura su wanke hannu, saboda ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa tana son irin wannan taro. Mu da aka daɗe ana yi wa gorin wawason shinkafa a gidan biki, don Allah a sarara mana. Ko ba komai, abin da muka ƙulla a leda yara muke kai wa.

Sai batun kujera. Kujerun kishingiɗa na bakin wurin iyo ba sa isar jama'a, saboda haka mutumin da ya zo hutu, wanda a ofis yake kukan rashin barci, sai ya saita ƙararrawa ya tashi da asubar fari. Ya lallaɓa ya shimfiɗa tawul a kujera huɗu, ya aza takalmi wari ɗaya a wannan, tsohon littafi a waccan, ya koma ya ja bargo. Ba za a sake ganinsa ba sai azahar. Hana wani, hana kai. Abin ya yi ƙamari har kamfanonin irin waɗannan jiragen suka kafa doka: kujerar da ta yi minti 30 ko 40 ba mai ita, a kwashe kayan. Nan za ka ga manajan banki da likita suna ɗaga jijiyar wuya a kan tawul.

Wai an ce komai yana cikin kuɗin tikiti. Lemon kwalba daban, intanet daban, hoton da aka ɗauke ka da kwat daban, ga goron ma'aikata da ake ɗora maka kullum ko ba ka miƙa ba. Katin buɗe ɗaki shi ne kuɗi, kana ta miƙa shi kana jin kanka wani basarake, sai daren ƙarshe lissafi ya fito murmushi ya ɗauke. Su kuwa ma'aikatan, da yawansu daga Filifin, Indonesiya da Indiya, sukan yi wata shida zuwa tara ba ranar hutu, kuma duk da haka suna naɗe maka tawul a siffar giwa don ka yi dariya.

Idan an tsaya a wani tsibiri, kamar Kozumel na Meziko, 'yan sa'o'i ake bayarwa. A sauka, a sayi hula mai sunan garin, a ɗauki hoto, shi ke nan an san ƙasa. Kuma ba a rasa wanda hira za ta ɗauke wa hankali. Sai ka hango shi a guje kan gadar tashar, leda na kaɗawa, silifa na ficewa, dubban 'yan'uwansa matafiya suna jere a baranda suna tafi da shewa suna ɗaukarsa a waya. Jirgin yana iya tafiya ya bar shi, kuɗin cim masa a tasha ta gaba kuma daga aljihunsa zai fito. Idan Allah ya hore maka ka je, mai karatu, riƙe fasfonka a jikinka, ka kuma sa takalmin da za ka iya gudu da shi.